Matar da ke cika kwalba a bakin tafki

Tana tsugune a bakin tafki, da safar roba har gwiwar hannu. Daga gani ma'aikaciyar gwajin ruwa ce, kuma ta daɗe a aikin. Gansakuka ta mayar da ruwan kore shar kamar fenti, ga matattun kifaye ciki sama. Tana cika 'yar kwalba tana kau da fuska.

Wani tsohon masunci ya ce, "'Yata, mai gubar ce?"

"Sai an gwada, Baba."

Ni ina tsaye can gefe ina kallo. Ta tuɓe safar, ta matso kusa da ni, ta buga waya ƙasa-ƙasa: "Inna, kada ki ba yaran ruwan famfo."

Famfonmu ma daga tafkin nan yake. Da ruwansa na haɗa wa jaririyata madara ɗazu.