Malam Ɗahiru Lahodu da Lambobin Zakiyya Biyu

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Ɗahiru a ƙauyen Lahodu da ke ƙasar Wurno a shekarar 1963, ɗa ga Malam Atiku manomin albasa da matarsa Inno. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya yi firamare a Wurno, sannan ya karanci kiwon lafiyar al'umma a Sakkwato.

Aiki da Iyali

Ya kama aikin asibiti a Rabah a 1986, daga bisani aka mai da shi Goronyo, inda ya auri Kaltume, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Gwajin Magani

A 2018 wasu masana suka shirya gwada sabon maganin ƙarin jini ga masu juna biyu a cibiyoyi uku: Wurno, Rabah da Goronyo. Rabin matan za su sha sabon, rabi tsohon, ƙwayoyin kamarsu ɗaya, lamba kaɗai ke rarrabewa. Da suka ɗauke shi mashawarci, ya shaida musu cewa mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki, don haka a haɗa rajistar cibiyoyin wuri guda, kada a ba mace ɗaya lamba biyu. Aka yaba da hikimarsa ƙwarai, amma ba a sauya komai ba, domin an riga an buga takardu.

'Yarsa Zakiyya, wadda ke aure a Wurno, ta karɓi lamba a can. Da cikinta ya kai wata bakwai ta dawo Goronyo, aka sake ba ta wata lambar, kunyar cikin fari kuwa ta hana ta gaya wa mahaifinta. Ta rasu wurin haihuwa a 2019.

Da aka bayyana sirrin lambobin a 2021, sai ga lambar Zakiyya ta Wurno a sabon magani, ta Goronyo a tsohon. Malam Ɗahiru ya tambayi masanan: "To, ɗiyata wanne tas sha, kuma mi za ku rubuta?" Suka cire ta daga sakamakon baki ɗaya. Wannan al'amari ya ɗaure masa kai har ƙarshen rayuwarsa, bai san ko maganin ne ya gaza ba, ko shawararsa.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a watan Sha'aban na 2024, aka yi jana'izarsa a Goronyo. Ya bar Kaltume da 'ya'ya uku: Mu'azu, Nafisa da Uwaisu. Zakiyya kuwa, a rajistar Wurno har yau a rubuce yake cewa ta yi tafiya, ana jiran dawowarta.