Idon Yaya Haruna a Cocin Asibiti

Madina zuwa Jidda

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka bar gidanmu na unguwar Sih ni da yayana Haruna, magini, wanda yanar ido ta hana shi aiki shekara biyu. Direban tasin ɗan Hausawa ne amma Hausar ta gudu, sai Larabci: "Yalla ya ammi!" Kilomita ɗari huɗu da ashirin, shingen 'yan sanda biyu. A Badar muka karya da wake da gurasa.

Landan

Awa shida a jirgi. Ran Talata aka yi wa Yaya aikin ido, ran Juma'a aka kwance bandeji. Likita ya nuna allon haruffan boko, ya ce Yaya ya karanta. Mutumin da ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba! Girman kai ya hana shi faɗa, ya kuma murɗe min hannu kada in tona. Likita ya girgiza kai, ya ce a sake yanka ran Litinin.

Muna neman wurin sallah, wata nas ta kai mu tsohuwar cocin asibitin, wadda ta ce an gina wa majinyata ita shekara ɗari bakwai da suka wuce. Muka tuɓe takalma a ƙofa, Turawa na kallonmu. Ginshiƙai sirara, rufin baka mai tsini, tagogin gilashi masu launi da hoton wani yana wanke wa kuturu ƙafa. Ganin hotuna na ce mu nemi wani wuri. Yaya ya kafe, kai a sama.

"Kai, wannan aiki ne! Amma Isa, dubi dutse na uku daga tsini, ya karkace. Wanda ya ɗora shi yunwa yake ji."

Na duba, na duba, ban ga komai ba. Na fassara wa nas, ta ruga ta kira likita. Dattijon da ke kula da cocin ya ce ƙwarai, tun gyaran bayan yaƙin duniya dutsen yake haka. Nan take likita ya soke yankan Litinin, sannan ya juyo ya ce in biyo shi ofis a duba nawa idon.

Gida

Mun iso Madina ran Alhamis da la'asar, Yaya na gaba yana nuna hanya, ni a baya da sabon tabarau. Alhamdu lillahi. Mun gode wa duk wanda ya yi mana addu'a, har da maginin nan mai jin yunwa.