Saurayin da ya jingina fartanya

A gidanmu na Wagini, da an shigo da gyaɗa sanyi ya fara, kakata Iya takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo, ta dire mana kwando mu yi ta ɓara. Ladanmu tatsuniya. Ni wurin zamana gefen ƙafarta, don ni ne jikan da take kira maigidanta, kullum tana yi mini tsiya wai ta auri rago, ɓara ɗaya ci biyu.

Kowace tatsuniya Iya ta yi sai ta rufe ta da ƙurunƙus, ta kakkaɓe zane, mu watse. Guda ɗaya ce tak ba ta rufewa.

Ta wani saurayi ce manomi. Wata rana aka aiko wa mai gari cewa Nasara na son mazaje, sai aka nuna shi. Ya jingina fartanyarsa a gindin rumbu, ya ce wa amaryarsa kada a ɗauke, zai dawo kafin noman maimai. Aka zuba su a jirgin ƙasa, daga nan jirgin ruwa, ruwan da ba a ganin gaɓarsa, har wani daji inda ake ruwan sama wata da watanni. Can yake ɗaukar kaya a ka, ana harbinsa, alhali bai taɓa ci wa masu harbin iyakar gona ba.

"Iya, yaya sunansa?"

"Kai dai ɓare gyaɗarka, maigida."

"To ya dawo?"

"Fartanyar dai ta daɗe a gindin rumbu." Sai ta tura kara cikin wuta. Mu kuwa mu ce tsufa ne, Iya ta manta ƙarshen.

Da na shiga sakandare a Batsari kaina ya kumbura. Na zo hutu, ta ɗauko labarin nan, na katse ta a gaban ƙannena.

"Haba Iya, wannan ai shirme ne. An koya mana yaƙin duniya a aji. Na Turawa ne, a ƙasarsu aka yi. Me zai kai ɗan ƙauye can?"

Yara suka kwashe da dariya. Ta dube ni.

"Ashe? To, tunda boko ya faɗa, shi ke nan."

Ba ta sake yin labarin ba har ta koma ga Allah.

Tarihi na karanta a jami'a. Na sha karatun juyin juya halin Faransa da na Rasha, na haddace yadda dauloli suka tashi suka faɗi, ina ji da kaina. Sai wata rana a ɗakin karatu na buɗe babin yaƙin ƙasar Bama, can Asiya, lokacin yaƙin duniya na biyu: sojoji daga ƙasarmu, jirgin ruwa, daji, ruwan sama, masu dako a ka. Wallahi labarin Iya ne sak. Lokacin Iya ta shekara biyu da rasuwa.

Da aka yi hutu na hau babur zuwa Zakka wurin Gwaggo Rabi, babbar 'yar Iya. Bayan mun gaisa na tambaye ta.

"Haba ɗana, ba ka sani ba? Mijinta ne na fari, kafin kakanku. Ba su shekara da aure ba aka tafi da shi. Shi bai dawo ba, wanda suka tafi tare ne ya dawo ya ba ta labari."

"Gwaggo, sunansa fa?"

"Ina ka taɓa jin mace ta kama sunan mijinta? Danginsa kuma sun watse tun ban yi wayo ba. Da an bi ta a hankali da ta nuna wani mai irin sunan, haka mata ke yi. To ba wanda ya bi ta."

Ranar na gane abin da ya hana ta ƙurunƙus. Abin da aka ƙirƙira ake rufewa da shi, ita kuwa ba ƙirƙira take yi ba. Kunya ta hana ta cewa mijina, sai ta rakuɓe a bayan tatsuniya, ni kuma na bi ta har can na kore ta. Wannan baƙin cikin bai sake ni ba har yau.

Yanzu ina koyar da tarihi a Batsari. Sunayen sarakunan Turai da shugabannin yaƙinsu duk suna kaina. Kowace shekara idan muka zo kan wannan yaƙi nakan ajiye alli in ba ɗalibai labarin fartanyar, kuma ba a rasa wanda zai ɗaga hannu.

"Malam, yaya sunansa?"

Sai in ce ban sani ba. Wadda ta sani, ni na rufe mata baki.