Obdulia Matus Chiñas, Jakadiyar da Ta Tsayar da Jirgi a Bakin Gaɓa

Haihuwa da tarbiyya

An haifi marigayiya Obdulia Matus Chiñas a shekarar 1934 a garin Minatitlán na jihar Veracruz. Mahaifinta, Nicanor Matus, mai walda ne a matatar mai, mahaifiyarta kuwa, Doña Tomasa Chiñas, busassun jatan lande take sayarwa a kasuwa, kuma ba ƙanwar lasa ba ce. Idan mai saye ya taya tayin wulaƙanci, ba ta rufe faifai, ba ta zagi. Sai ta cika mudu ya yi tozo, ta ajiye masa a gaban hanci, ta ba shi ɗaya ya ɗanɗana, ta shiga tambayarsa lafiyar iyali. Takan ce wa ɗiyarta, “Ke 'yar nan, in kin ɓoye kaya kin kori ciniki. Bar shi ya gani, yawunsa zai yi miki magana.”

Ilimi, aiki da aure

Ta yi karatun shari'a a babban birni, ta kammala a 1958, ta kama aiki a ma'aikatar harkokin waje, inda aka daɗe ana ɗaukarta mai buga takardu saboda kawai ba ta da gashin baki. A 1961 ta auri likita Efraín Zamudio, mutum mai haƙuri, wanda ya bi ta ƙasashe huɗu bai taɓa ƙorafi ba sai a kan abinci.

Jakadanci

A 1980 aka naɗa ta jakadiya a wata ƙaramar jamhuriya ta kudu, wadda iyalin marigayiya suka roƙi a sakaya sunanta. A lokacin arzikin mai ya bunƙasa, kuma da man da ƙasar jakadiya ke aika wa jamhuriyar cikin rangwame take kunna fitila, da shi motocin sojanta ke tafiya.

A shekara ta gaba Janar Casimiro Lainez ya ƙwace mulki, ya shiga farautar malaman makaranta. Sama da mutum sittin, har da mata da jarirai, suka tsallaka katangar ofishin jakadanci suna neman mafaka. Janar ya kewaye gidan da soja, ya rantse ba mai fita sai zuwa kurkuku, kuma kowa ya san waɗanda suka shiga kurkukunsa ba su cika dawowa ba.

Manyan ma'aikata can ƙasarta suka fusata, suka yanke shawarar datse mai baki ɗaya. Hankalin jakadiya ya tashi ƙwarai, domin ta san wanda aka raba da komai ba ya tsoron komai, kuma ranar da Janar ya yanke ƙauna da mai, ranar sojansa za su haura katanga. Ta yi ta magiya ta waya har aka amince da tata dabarar, bisa sharaɗin in ta ɓaci, ita da kujerarta.

Sha'anin jirgi

Jirgin dakon mai ya taso kamar yadda aka saba, maƙare da fetur da dizal, ƙarƙashin Kyaftin Porfirio Uscanga. Da ya iso daf da tashar ruwa sai ya jefa anga, ya tsaya cak a inda duk mai tsayawa a ƙofar gidansa zai hango shi. Jakadiya ta sa aka ɗebo dizal a ƙaramin kwale-kwale, da rana tsaka, aka kai babban asibiti kyauta. Sauran gari kuwa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Layin motoci ya miƙe, direbobi na nuna teku da yatsa, hatta hafsoshi suka fara gunaguni.

Janar ya kira ta fadarsa, ya ce, “Ranki ya daɗe, jirgin naku gurgu ya zama ne?”

Ta ce, “Lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe. Kyaftin ɗin ne mai camfi. Wai ba ya sauke kaya sai ya san ba fanko zai koma gida ba.”

“Kin san zan iya fasa ƙofarki kafin ki gama shan wannan kofi?”

“Za ka iya mana. Shi ma zai iya ɗaga anga. Kowa da abin da ya iya. Af, ya jikin tsohuwar taka... mahaifiyarka nake nufi, Doña Pilar? Na ji tana asibiti. Wuta ta dawo musu, ko?”

An ce Janar ya dube ta, ya ce, “Wace makaranta ta koya miki wannan rashin kunya?”

Ta ce, “Kasuwar Minatitlán, layin masu kifi.”

Kafin watan ya ƙare ya sa hannu a takardar izinin fita. Ita da kanta ta shige gaba, tuta a hannu, ta rako su har tasha ba a taɓa ko ɗaya ba. Jirgi ya sauke mai, ya ɗauki mutane. A hanya matar wani malami ta haifi 'ya mace a ɗakin Kyaftin, aka sa mata suna Obdulia. Jakadiya dai dabarar uwarta ta kasuwa ta ɗauko; barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ritaya da wafati

Ta ajiye aiki a 1994, ta koma mahaifarta, inda ta riƙa zama a rumfar uwarta tana gyara wa 'yan kasuwa ciniki ba su tambaye ta ba. Mijinta ya riga ta rasuwa a 2003. Ita kuma ta rasu a watan Maris na 2016, bayan gajeriyar jinya, aka rako ta maƙabartar gari da busa da kiɗa bisa al'ada.

Ta bar 'ya'ya biyu na cikinta, Nicanor, injiniya, da Aurora, alƙaliya, da jikoki biyar. Sai dai da limamin coci ya ce 'ya'yan marigayiya su matso su ɗauki akwatin gawa, rabin coci ne ya miƙe: tsofaffin malamai masu sanda, da 'ya'yansu, da jikokinsu, Obdulia ta cikin jirgi a gabansu tana kuka. Nicanor ya dube su, ya ja da baya, ya ba su wuri.