Kwana goma sha biyar na Yaya Nomau

Yau shekara talatin da ɗaya da rasuwar yayana Nomau, amma har yanzu in na wuce tsohuwar magaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, ta kasuwar Filinge, sai na tsaya na dube ta.

Bayan samun 'yancin kai, shi da wasu mutum huɗu suka kafa kamfanin hatsi. Babbansu Alhaji Ɗanjumma ne, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Najeriya. Da aka zo rubuta sunan manaja a takardar faransanci, sai suka tura Yaya, don shi ne ƙaraminsu. A ganinsu ɗan aike suka samu. A yankinmu na Kurfai ai dattijo ke yanke magana.

Sai fari ya zo. Matan yankin Imanan na zaune da ƙorai a ƙofar magaza, ga Alhaji da kamiyo biyu, manyan motocin kaya, zai kwashe hatsin zuwa inda ya fi tsada. Ni akawun kotu ne lokacin, ni na karanta wa Yaya takardar kamfanin, kuma wallahi na tsorata da abin da na gaya masa.

"Nomau, miƙo mabuɗi," in ji Alhaji. "Mu huɗu mun yarda. A Najeriya in daraktoci sunka ɗaga hannu, magana ta ƙare."

Yaya ya ce, "Alhaji, nan ba can ba ne. Ku kira taro ku tsige ni. Amma takarda ta ce sai an ba da sanarwar kwana goma sha biyar, kafin nan mabuɗi na hannun manaja."

Ranar ya buɗe magaza, ya shiga sayarwa tiya-tiya a farashin kafin fari. Kullum Alhaji na zaune ƙarƙashin bishiyar bedi yana kallonsa. Da wa'adi ya cika suka tsige shi, ya miƙa mabuɗin ɗaki shararre. Har ya rasu, babu ɗayansu da ya sake gaishe shi. Abin ya ci masa rai, ni na sani.

Yanzu lauyoyi na ta musun dokar ƙasar da ta fi tsare masu hannun jari. Da yana nan, dariya zai yi musu. Ni ban ce tamu ta fi ba. Da mugu ne ya riƙe mabuɗin nan, da ta Najeriya za mu yi fata, inda hannu huɗu ke danne ɗaya nan take.

Bara a kasuwar Bonkuku wata tsohuwa ta ji sunan gidanmu, ta kama bakin rigata. Ta nuna mini wani magidanci mai furfura yana auna gero.

Ta ce, "Wancan, goye yake a bayana a ƙofar magazar yayanka."