Gwiwar da Koci Sale Ya Gani a Sahu

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Koci Sale makwancinsa, amma har yau in aka zauna hirar ƙwallo a Haɗeja sai wani ya ce, “Ai shi ne ya ɗauki kofi, ya ba da ɗan wasan da ya ci masa.” Ni ne ɗan wasan. Ban yi boko mai nisa ba, ban iya kwana-kwana ba, zan faɗa yadda aka yi.

Shekarar da ƙungiyar unguwarmu ta ɗauki kofi, ni na jefa ƙwallon ƙarshe. Dattawan kulob suka ce a ɗaure ni a ƙungiya shekara biyar. Mu ba mu san takardar kwantiragi ba. Aron gonar shinkafa ake ba ka a fadama, kana noma kana buga wa unguwa, ba ka zuwa ko'ina. Gona ɗaya tak kulob yake da ita. Har na je na zaga ta, na ga inda ruwa ke shiga.

Koci ya ce bai yarda ba. Ya yi musaya da mutanen Guri, ya ba su ni, ya karɓo mai tsaron gida, wani masunci siriri mai suna Bukar, aka ba Bukar gonar. Gari ya ɗauka da zagi. Na tare shi a bakin fili.

“Koci, ni ka mayar akuyar kasuwa?”

“Ado, ranar Juma'a ina bayanka a sahu. Na ga yadda kake miƙe ƙafar dama a zaman tahiya. Tun yaushe?”

Wata uku ke nan gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ina shafa man zafi a ɓoye. Ko matata ba ta sani ba.

Ya ce, “Na gaya wa mutanen Guri gaskiya. Sun ce ko rabin lokaci ka buga, sunanka zai cika musu fili. A nan kuwa shekara biyar za ka yi kana ɗingishi, waɗanda suka ɗaga ka sama su ne za su yi maka ihu.”

Kakar wasa ɗaya na yi a Guri, gwiwa ta gama aiki. Bukar ya tsare gida shekara biyar ɗinsa har da ƙari. Ba mu sake ɗaukar kofi a hannun Koci ba, wannan gaskiya ne, shi ya sa zagin bai tsaya ba. Da ya buɗe baki ya ce ƙafar Ado ta lalace, da ya huta. Bai faɗa ba. Ni ma ban faɗa ba, don ina jin daɗin a ce an zalunce ni. Haka na bar shi ya tafi da laifin da ba nasa ba.

Bana unguwa ta sake ɗaukar kofi, kuma ina cikin kwamiti. Ga gonar, ga sabon gwani, kowa yana ta maimaita kallon ƙwallonsa a waya. Na san abin da Koci zai ce: kofi an riga an ɗauka, yanzu ƙafar mutumin za a duba. A zaman da muka yi, shugaba ya ce, “Kada mu maimaita kuskuren Sale.” Na ce masa, “Alhaji, Sale bai yi kuskure ba. A dakata da maganar gonar tukuna.” Aka yi mini caa. Na gaji da shirun, shi ya sa na rubuta wannan.

Bai bar mana kofi da yawa ba. Abin da ya bari shi ne ido, da iya rufa asirin mutum ko da za a zage ka a kai. Allah ya jiƙan Koci Sale. Juma'ar nan zan je masallaci in duba zaman tahiyar gwanin namu. Mai son sake zagin Koci ya same ni can, ni ne mai sallah a kan kujera.