Ramlatu da Hannun da Ya Dawo

Ramlatu ƴar Mala baduku ce, a wani lungu na unguwar Birni a Damagaram aka haife ta. Tana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ciwo ya kayar da mahaifinta a bakin rumfarsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likitan da ya duba shi ya gaya wa iyalin cewa wani yanki na ƙwaƙwalwarsa ya mutu, kada su sa rai da hannun.

Mala bai yi gardama ba, amma bai daina zuwa rumfa ba. Kullum sai an kai shi, ya zauna yana kama basilla, tana suɓucewa, yana sake ɗauka. Bayan wata tara ya ɗinka kuben wuƙa. Ɗinkin a karkace yake, amma gidan ya cika da guɗa. Ita kuwa Ramlatu tambaya ce ta kama ta: in wancan yanki ya mutu, to mene ne yake motsa yatsun nan?

Tambayar ce ta kai ta Yamai karatun likita, daga can ta samu bursu, wato tallafin karatu, ta fita waje bincike. A nan ta koyi cewa ƙwaƙwalwa tana sauyawa har tsufa, kuma idan wani wuri ya lalace, na kusa da shi yakan koyi aikinsa, muddin ana maimaita aikin ba fashi. Shekara shida ta yi, ta dawo Damagaram da zumuɗi.

Abin da ta tarar shi ne masu shanyewar jiki ana ba su ƙwallon roba su yi ta matsawa. Mako biyu sai su gaji su jefar. Sai ta ce a ba kowa kayan sana'arsa: maɗinki almakashi, mai tuwo muciya, manomi buhun gyaɗa ya yi ta ɓarewa. Duk mako tana auna ƙarfin hannu tana rubutawa. Mutanenta ba su gudu ba, kuma hannuwan sun fara kamawa.

Ta rubuta sakamakon ta aika wa wata mujallar masana, suka mayar mata. Suka ce mutum goma sha ɗaya sun yi kaɗan, kuma babu hoton da ya nuna abin da ke faruwa cikin kai. Ta yi kwana biyu tana jin haushi, rana ta uku ta hau moto, wato babur, ta nufi ƙauyukan Dogo. Damina biyu tana wannan zirga-zirga har ta tara mutum sittin.

A cikinsu akwai Zuliha, dattijuwa mai saƙar faifai, wadda hannunta ya shanye tun bara. Ita ce ta fara yarda a kai ta Yamai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, bayan ta tabbatar na'urar ba ta ganin sirrin zuciya. Aka ɗauka sau ɗaya, ta koma gida ta yi wata shida tana fama da kaba, aka sake kai ta. Tana kwance a cikin na'urar tana motsa yatsu kamar mai saƙa, sai wani wuri da ya yi shiru a hoton farko ya haska. Ramlatu ta miƙe har kujera ta faɗi.

Da aka fito da Zuliha, Ramlatu ta ja ta gaban allon na'urar. "Inna, dubi nan. Wannan wurin da ba aikinsa ba ne, yanzu shi yake yi miki saƙar."

Zuliha ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To ai ya kyauta. Ki ce masa ya ƙara sauri, ranar kasuwa ta kusa."

Wannan karon mujallar ta karɓa. Shekarar farko shiru, daga baya masu bincike suka fara ambaton aikin a rubuce-rubucensu. Wani daga Dakar ya gwada da masunta masu gyaran raga, wata daga Bamako ta gwada da marina, duka suka rubuto mata cike da murna. Yanzu ɗalibai uku suke yin digirinsu a hannunta, kuma ɗakin aikinta ya koma kamar rumfar kasuwa, ga kaba, ga fata, ga turmi a bayan ƙofa.

Zuliha dai abu ɗaya ta roƙa, a ba ta hotonta. Ramlatu ta sa aka buga shi babba ta kai mata Dogo da kanta. Yana nan rataye a ɗakinta sama da jeren kwanuka, kuma duk matar da ta zo sayen faifai sai an tsayar da ita an nuna mata wurin da yake saƙar.